Baba Ya Bar Taba, Ni Kuwa Na Yi Sadaka

Ni ne na yi kuskure, ba Baba ba. Na fara da wannan ne don kada mai karatu ya ɗauka ƙarar likitoci ko ta 'yan'uwa na kawo. Akwai abin da zan faɗa a kansu, mai daɗi da marar daɗi, amma babban laifin nawa ne. Baba ya rasu a damanar da ta wuce. Kafin ya rasu akwai magana ɗaya da nake nema daga bakinsa, wato ya ce ya yafe mini, kuma ni da kaina na ɓatar da lokacin da zai iya faɗinta da cikakken hankalinsa.

Sunana Lawali. Direban taksi ne ni a Yamai, ina haya a Kirkisoy, can Harobanda, ƙetaren kogi. Ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko, don haka yadda abin ya faru haka zan rubuta shi.

Mahaifina Malam Nomau Bagobiri ne daga ƙasar Madawa. Wata shekarar fari ta kawo shi Yamai tun ban yi wayo ba, ya samu ɗan lambu a bakin ruwa wajen Yantala, yana shuka salati da karas da kabeji. Da Inna ta rasu sai ya dawo wajena. Kullum da safe ni ke ƙetarar da shi gada zuwa lambu kafin in fara ɗaukar fasinja. Baba ba ya shan sigari, amma garin taba da kanwa ba sa barin aljihunsa. Yana da wata tsohuwar batta da ta yi baƙi don shan hannu. Zai ɗiba ya tura ƙarƙashin leɓe, ya yi shiru kamar mai lissafi, can ya juya ya tofar.

Maƙwabcin lambunsa wani Bazabarme ne, Baba Saini. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Gobirawa da Zabarmawa, to su biyun nan sun kai shi maƙura. Da na tsayar da mota zan ji muryar Baba Saini daga cikin kabeji:

"To, an kawo bawana a mota! Nomau, yi maza ka ɗebo mini ruwa."

Baba zai ce, "Kai dai Bazabarme ba ka da kunya. Jiya wa ya ba ka taba?"

"Haraji ka biya. Bawa ba ya kyauta."

Daga nan su zauna kan kututture ɗaya, batta tana yawo tsakaninsu. Bayan rasuwar Inna ban san Baba da wani abokin hira ba sai shi.

Ni kuma a lokacin na fara zaman karatu bayan magariba a masallacin unguwarmu, na ji ana maganar illar taba. Abin da aka faɗa gaskiya ne, har gobe ban canza ra'ayi ba, taba tana cutarwa. Amma in zan faɗi tsakani da Allah, ba lafiyar Baba ce ta dame ni ba. Kunya nake ji in ya tofar da jan yawu a ƙofar masallaci abokan karatuna suna kallo. Na yi shekara da shekaru ina yi masa wa'azi a cikin mota. Ba ya musu. Sai dai ya ce, "Allah shi shirye mu," ya leƙa taga ya tofar.

Wata safiya muna tsakiyar gada sai ya zaro battar ya ajiye mini a cinya.

"Ungo. Ban jin komi cikinta. Awa ƙasa nike tamna."

Na ce, "Baba, ka bari ke nan?"

Ya ce, "Ita ta bar ni."

Ban saurari wannan amsa ba. Murna ta cika ni. Mutumin da ya fi shekara arba'in da taba ya ajiye ta rana ɗaya, ba ciwon kai, ba faɗa, ba ya ko waiwayarta. Ranar Juma'a na sayi waina da dabino na yi sadaka a masallaci. Ana ta shi mini albarka, ana cewa Lawali ya shiryar da ubansa. Wani ma ya roƙe ni in je in yi wa ƙanen mahaifinsa magana. Na ji kaina ya yi girma.

Bayan 'yan watanni hannun Baba na dama ya fara rawa. In yana zaune ya ɗora shi a gwiwa, sai yatsun su riƙa motsi kamar mai jan carbi alhali babu carbi. Matata Hassana ce ta fara lura. Ta ce, "Malam, a kai Baba asibiti." Na ce mata taba ce ke fita daga jikinsa, dafin shekara arba'in ba ya fita rana ɗaya. Na faɗa da ƙarfin gwiwa kamar na karanta a wani wuri. Daga baya tafiyarsa ta canza, yana jan ƙafa, taku gajere gajere, ya ranƙwafa gaba. Fuskarsa ta daina motsi, ko an yi abin dariya sai ka ga ido kawai. Muryarsa ta yi ƙasa. Hassana ta sake magana, na sake cewa taba ce. Duk alamar da ta fito sai in mai da ita shaidar nasarata.

Wata Lahadi da hantsi ina wanke mota a ƙofar gida sai ga Baba Saini a kan tsohon kekensa. Bai taɓa zuwa gidana ba. Tun daga nesa na ga leɓensa a kumbure da taba, sai raina ya ɓaci.

Ya gaishe ni da Zabarmanci, ya ce, "Fofo, direba. Bawana yana ciki? Amma kai na zo gani tukuna, akwai magana."

Na ce, "Baba Saini, in taba ka kawo masa, koma da abarka."

Ya yi dariya. "Yaro, ni ubangidan ubanka ne, ka ba ni tabarma mana."

Na ce, "Wasan nan tsakaninku ne, ni ba na ciki. Da ƙyar Allah ya raba shi da ƙazantar nan. Kada ka ƙara zuwa, kuma shi ma ya bar lambu daga yau."

Akwai mutane a wurin. Dariyar ta tsaya a fuskarsa. Ya dube ni ya daɗe, ya ce, "To, kala suru," wato sai haƙuri da Zabarmanci. Ya juya kekensa, bai hau ba, turawa ya yi har ya sha kwana. Da na shiga gida na tarar da Baba tsaye a bayan ƙyaure riƙe da takalminsa. Ya ji komai. Ya juya ya koma ɗaki.

Na cika maganata, ban ƙara kai shi lambu ba. Na ba wani ya ci gaba da nomansa. Na gaya wa kaina hutu na ba tsoho.

Daga nan salla ta fara rikice masa. Mutane suna zaune zai miƙe, ko ya yi sallama a raka'a ta biyu. Wata la'asar ya yi ruku'u ya kasa ɗagowa, aka yi sujada aka gama yana nan a duƙe kamar an kafe shi. Matasa na bayan sahu suka riƙa danne dariya. Da aka fito, a bakin ƙofa, gaban jama'a, na ce, "Baba, in ba za ka iya salla kamar mutane ba, ka riƙa yi a gida." Yana ta ƙoƙarin sa ƙafa cikin takalmi ƙafar ta ƙi shiga. Ban duƙa na taimake shi ba. Wani baƙo ne da ban sani ba ya duƙa.

Bayan ya zauna gida sai ya fara ganin mutane. Zai nuna katanga ya ce ga wasu 'yan gajeru sun jeru a kai, a ba su ruwa. Yakan gaishe su da ladabi, ya tambaye su mutanen gida. Nan fa shawara ta yi yawa. Ƙanwata Rabi, wadda ke aure a Madawa, ta ce a waya sammu ne, ta aiko da rubutu da turare ta hannun direban bas. Wata maƙwabciya ta ce mutanen ruwa ne, ai duk wanda ya daɗe yana aiki bakin kogi sai sun bi shi gida. Abokan karatuna suka ce a yi ruƙiya, aka yi, Baba ya yi barci a tsakiyar karatun. Mai gidan da nake haya ya ce tsufa ne kawai, a bar shi. Kowa ya faɗi tasa ya tafi gida. Hassana kaɗai ke wanke masa kaya tana maimaita maganar asibiti, ni kuma ina jin in na kai shi kamar na yarda ban san abin da nake faɗa ba tun farko.

Ranar da Baba ya kifar da tukunyar miya daga kan wuta, wai akwai macizai a ciki, miyar ta kusa zuba wa 'yarmu ƙarama. Da aka yi hutun lakwal Hassana ta kwashi yara zuwa wajen mahaifiyarta a Doso. Hutu ya ƙare ba su dawo ba. Ban ga laifinta ba, ko a lokacin.

Muka rage mu biyu. Dole in fita aiki, don mai mota ba ya jin labarin ciwo, kuɗinsa na kullum yake jira. Wata rana na dawo ban tarar da Baba ba. Wani direba abokina ne ya gan shi a gindin gada, ya kama ƙarfe ya kasa gaba ya kasa baya, ya ɗauko shi. Na tambaye shi ina za shi, ya ce, "Salati na jin ƙishirwa." Na yi masa faɗa kamar ƙaramin yaro. Washegari na sayi kwaɗo.

Wannan shi ne abin da ya fi mini wuyar rubutawa. Duk lokacin zafin nan na bazara ina kulle mahaifina a ɗaki. In ajiye masa fura da ruwa da bokiti, in datse, in tafi. In kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, ko iskar fanka babu. Ina yawo cikin gari da fasinja ana hirar ƙwallo da tsadar shinkafa, makullin yana aljihuna. In na dawo sai in tarar da furar yadda na bar ta, ko ta zube a tabarma, don hannun ba ya kai ludayi baki. In ce, "Baba, don me ba ka sha ba?" Ya ce, "Baƙi sun sha."  Babu mai sallama a gidan. Abokan da suka ci sadakata ba wanda ya leƙo, ni ma ban gaya musu halin da muke ciki ba.

Faɗuwa ce ta kai mu asibiti. Na dawo da azahar na same shi kwance tsakanin gado da bango, goshinsa ya fashe, jinin har ya bushe. Ban san tun yaushe yake nan ba.

Makon farko ɗinki kawai aka yi masa, aka ba mu maganin ciwon jiki. Amma ma'aikacin da ya yi ɗinkin, Allah ya saka masa, ya tsaya yana kallon hannun Baba, ya ce mu nemi lokotoro, wato likita, na ƙwaƙwalwa. Aka ba mu randebu, ranar ganin lokotoron, mai nisa. Kafin ranar aka ce sai an yi hoton kai, iskanar. Inda muka fara zuwa na'urar ta lalace, inda take aiki kuma kuɗin ya cinye abin da nake samu a wata. Rabi ta sayar da tunkiyarta ta aiko. Ranar randebu muka iske layi har waje, mutane daga garuruwa masu nisa suna kwance ƙarƙashin itatuwa da tabarmi da butoci. Mai kiran suna yana yi wa tsofaffi tsawa, wannan ban ji daɗinsa ba, ko da yake ni ba ni da bakin magana. Rana ta take, Baba ya fara zamewa daga kan benci. Wata mata da ta kawo mijinta ta ce, "Ɗan'uwa, shiga gabanmu, naka ya fi nawa jin jiki." Ban san sunanta ba. Ina sa ta a addu'a.

Lokotoron mace ce, ba ta da yawan shekaru, tana jin Hausa sosai. Ta sa Baba ya yi tafiya zuwa ƙofa ya dawo, ta lanƙwasa hannunsa, ta tambaye shi wace rana ce. Sai ta nuna ni ta ce, "Baba, wannan mene ne sunansa?" Baba ya sunkuyar da kai. Na ce mata ni ɗan fari ne, a wajenmu uba ba ya kama sunan ɗan farinsa, tun da aka haife ni "kai" yake ce mini, ko "wanga". Ta ce, "To kunya ce ko mantuwa?" Ni ma ban sani ba.

Ta ce in ba ta labari tun daga farko. Ni da wautata sai na fara da abin alfaharina. Na ce ai Baba mutum ne mai ƙarfin hali, rana ɗaya ya bar taba bayan na yi ta yi masa nasiha. Ta ajiye alƙalaminta.

"Rana ɗaya? Bai wahala ba? Bai nema ba?"

Na ce ko kaɗan, cewa ya yi ma kamar ƙasa yake taunawa.

Abin da ta faɗa ya zauna mini a kai, zan kawo shi yadda na riƙe. Ta ce a cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu 'yan ƙofofi ƙanana waɗanda ido ba ya gani, ta nan saƙo ke wucewa daga wani wuri zuwa wani, saƙon motsi, da na tunawa, da na jin daɗin abu. Ta kira su da Faransanci, reseptar. Ta ce sinadarin da ke cikin taba, nikotin, wasu daga cikin ƙofofin nan yake ƙwanƙwasawa, shi ya sa mai taba ke jin daɗinta. Ciwon Baba, wanda ta kira Pakinson mai haɗe da mantuwa, yana cinye wuraren nan a hankali, ƙofofin suna raguwa. Ta ce, "Ba zan rantse maka a kan mahaifinka ba. Amma akan samu masu wannan ciwo su ajiye taba cikin sauƙi tun kafin hannu ya fara rawa. Taba tana ƙwanƙwasawa, babu mai buɗewa."

Na tambaye ta ko zai warke. Ta ce a'a. Na ce da mun zo da wuri fa? Ta ce da ba a hana ciwon tafiya ba, amma da ya samu lokaci mai tsawo yana tafiya da ƙafarsa, yana ci da hannunsa, yana cikin mutane. Ta ce, "Zaman kaɗaici yana ƙara masa. Yana da abokai?" Na ce yana da su.

A hanyar komawa ban kunna rediyo ba. Na gane ranar da ciwon mahaifina ya fito fili ita ce na yi wa murna har na raba waina da dabino.

Maganin da ta rubuta ya yi aiki da farko. A mako na biyu Baba ya kai ludayi bakinsa da kansa, na fita tsakar gida na yi kuka. Amma da jiki ya saki sai baƙin katanga suka ƙaru, har suka fara ba shi tsoro. Muka koma, ta rage maganin, jiki ya sake ɗaurewa. Haka muka yi ta yi, a ƙara a rage. Wani lokaci in zaga farmasi uku huɗu babu shi. Na cire kwaɗon na jefar. Na koma aikin rabin yini, wata tsohuwa maƙwabciyarmu tana zama da shi kafin in dawo, ina ba ta abin goro.

Na sake yin wata wauta. Na ce a raina tunda taba ƙofofin nan take bugawa, bari in taya ta bugu ko za su buɗe. Ni da na kori mutum saboda taba, na tafi kasuwar da ba a san ni ba na sayo gari da kanwa, na ɓoye a aljihu kamar ɓarawo. Na sa masa kaɗan a leɓe. Bai iya tofarwa ba, ya haɗiye, ya sarƙe, ya yi ta amai har jikinsa ya yi sanyi. Da na gaya wa lokotoro ta yi mini faɗa sosai. Ta ce taba ba magani ba ce, ba ta gina abin da ya rushe, kuma mai wahalar haɗiya irin Baba tana iya kashe shi. Duk mai jinyar irin wannan ciwo ya ji wannan da kyau.

Na je wajen limaminmu na tambaye shi sallolin da Baba ke rikitawa. Ya ce wanda hankalinsa ya gushe ba a rubuta masa laifi, tun ranar da abin ya same shi. Na tuna bakin ƙofar masallaci. Na ce, "To Malam, wanda ba a rubuta masa laifi, in ya ce ya yafe, an karɓa?" Ya ce, "Kai dai ka nema. Kuma ka yi sauri."

Ban yi sauri ba. Hankalin Baba yakan dawo jefi-jefi, yawanci da hantsi bayan ya sha koko. Sai ka ga idonsa ya washe, ya tambayi Rabi, ya tambayi ko ruwa ya sauka a gida. Na samu irin wannan hantsi ba ɗaya ba, ba biyu ba. In zauna gabansa da maganar a bakina, sai in ji kaina ina ba shi labarin kuɗin albasa. Girman kai ne ko tsoro, ban sani ba. Kullum sai in ce gobe.

Wata rana ina shanya zanen gadonsa na ji an ce, "Lawali." Na waiga ina neman baƙo. Baba ne. Ya ce, "Lawali, in ka ga yaron gidan nan ka ce ya buɗe mini ƙohwa." Ƙofar a buɗe take. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, na sha tunanin yadda zai yi daɗi.  Ya riƙe sunan, amma ya daina sanin cewa mai sunan ɗan farinsa ne.

Washegari na tafi neman Baba Saini. A lambu aka ce ya daina zuwa, gwiwa ta hana shi, yana wajen ɗansa a Tondibiya. Na same shi a gindin mangwaro yana gyaran ragar kifi. Na durƙusa na gaishe shi. Bai ɗago ba.

Ya ce, "Direba, ka yi ɓatan hanya? Nan gidan ƙazanta ne."

Na ce, "Baba Saini, na zo ba ka haƙuri. Abokinka ba shi da lafiya."

Ya ce, "Yau ka sani? Ni tun kafin ya bar taba na sani. Ya murza na'ana'a a hanci ya ce mini, Saini, ba ƙamshi. Yana ban-ruwa gwangwani yana faɗuwa daga hannu. Ya ce kada in gaya maka, kana da iyali, kana da wahala. Na ga abu yana yawa, na hau keke na zo in gaya maka a ɓoye. Kai kuma leɓena ka duba."

 Ya ci gaba da ɗinkin ragarsa har na ɗauka ya manta da ni. Can ya ce, "Ni na yafe, ɗan bawana ai bawana ne, ba a fushi da dukiya. Tashi ka ɗauko mini sandata."

A gida ya tsaya bakin ƙofa ya ɗaga murya yadda ya saba. "Nomau! Ubangidanka ya zo, ba ka tashi?" Baba ya dube shi da ladabi, ya ce, "Sannu da zuwa, Alhaji. Daga ina?" Baba Saini ya sake gwadawa, ya zage shi, ya zagi Gobir kaf da tsagar fuskarsu. Baba ya juyo gare ni ya ce a kawo wa baƙo ruwa. Duk da haka tsohon nan ya zauna kusa da shi har la'asar, riƙe da hannun da ke rawa, yana ba shi labarin wanda ya mutu da wanda ya sayar da lambunsa. Na kama hanyar mayar da shi, har muka kusa Tondibiya. Ya ce, "Direba, kada ka jira ya gane ka. Ni ma bai gane ni ba, amma ya bar mini hannunsa."

Da safe na dafa ruwa na yi wa Baba wanka a tsakar gida, na shafa masa mai, na sa masa farar riga. Na zaunar da shi a kujera inda rana ba ta kai ba. Idonsa yana kan katanga, ban san wa yake gani ba. Ba hantsin da hankali ke dawowa ba ne, kuma irin wannan hantsin bai sake zuwa ba har ya bar duniya. Bai amsa mini ba, ko da kai. Amma bai janye ƙafarsa ba da na durƙusa na kama ta, ni kuma na faɗi maganata har ƙarshe.

Na ce, "Baba, ni ne ɗanka na fari, yaron gidan nan. Ka gaya mini taba ce ta bar ka, ban saurara ba, na tafi ina yabon kaina. Ciwo ya kama ka na ce dafi ne ke fita. Na kori abokinka kana ji. Na raba ka da lambunka. Na kunyata ka a ƙofar masallaci kana neman takalminka. Ni ne na sa maka kwaɗo cikin zafi na tafi da makulli. Ba ka yi mini komai ba, Baba, ba ka taɓa yi mini komai ba sai alheri. Don Allah, in akwai inda maganata ke shiga, ka yafe mini."